Abin da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi: tambayoyi da amsoshi kan mashaƙar karp mai lafiya

Tambayoyin nan na tara su ne daga bakin ɗalibai masu karatun kiwo da masu tafkunan kifi a nan Maradi da kewaye, waɗanda sukan tare ni da kifi a roba ko hotonsa a waya, su ce in duba musu. Abu na farko da nake yi shi ne ɗaga murfin da ke gefen kan kifin in leƙa. Sau da yawa sai in tarar mai kifin bai taɓa leƙa wurin ba sai ranar da mutuwa ta shigo masa tafki. To, wanda bai san kamannin mai lafiya ba, da me zai auna marar lafiya? Jan naman nan da ke ƙarƙashin murfi wasu kan ce kunnen kifi, wasu huhun kifi. Ni zan riƙa cewa mashaƙa, tunda da ita kifi ke shaƙa.

Malam, karp ɗin nan ba shi ne karfasa ba?

A'a, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. A ƙasashenmu masu Faransanci, idan mai sayar da kifi ya ce maka "carpe", karfasa yake nufi. Karp na ainihi, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Cyprinus carpio a 1758, baƙo ne a gare mu: asalinsa gabashin Turai da Asiya. Yana da gashin baki huɗu, biyu ta kowane gefe, leɓunansa masu kauri ne, kuma babu haƙori ko ɗaya a muƙamuƙinsa. Kifin ado na Japan da ake kira koyi irinsa ne. A Nijeriya an shigo da shi gonar kifi ta Panyam da ke Filato tun shekarun 1950. Danginsa na kusa a kogunanmu su ne kifayen jinsin Labeo.

Dalilin da ya sa ake yawan koyar da mashaƙa da karp shi ne an daɗe ana kiwonsa, an kuma yi nazarinsa ƙwarai. Tsarin ginin kuwa kusan ɗaya ne da na karfasa da tarwaɗa, waɗanda su ne suka cika tafkunanmu. Wanda ya gane na karp ya yi nisa a gane nasu.

Idan na ɗaga murfin, me ya kamata in gani?

Ja mai haske, irin jan jinin da aka yanka yanzu, kuma launin ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Za ka ga ƙasusuwa huɗu masu lanƙwasa kamar lauje, jere ɗaya bayan ɗaya, ta kowane gefen kai. Huɗu dama, huɗu hagu. A bayan kowane lauje akwai geza ta siraran zaruruwa jajaye, layi biyu, masu buɗewa kamar harafin V. A cikin ruwa, bakin zaruruwan wannan lauje yana taɓa bakin na maƙwabcinsa, sai su zama kamar rariya, yadda ruwa ba shi da hanyar wucewa sai ta tsakaninsu.

Zaren mai lafiya miƙaƙƙe ne, bakinsa a daidaice kamar an bi shi da almakashi, kowane a ware da ɗan'uwansa. Akwai ɗan yauƙi a kansa, amma garai yake kamar ruwa, ba za ka ma lura da shi ba sai ka taɓa. Idan ka ga yauƙi fari ya yi kauri, ko laka ta manne, ko wani wuri ya yi fari-fari kamar an ci shi, ko bakin zaruruwa ya zaizaye, to ka bar layin lafiya.

Murfin da kansa ƙashi ne, kuma a gefensa akwai tattausan tantani da ke rufe ƙofar ruf idan kifi yana zuƙar ruwa. A dangin karp siraran ƙasusuwa uku ne ke tallafe da wannan tantani ta kowane gefe. Kifi mai lafiya yana hutawa, murfinsa na motsi a hankali, ba ya tsayawa a buɗe.

Wani ɗalibi ya ce ya ƙirga lauje biyar. Wa ke da gaskiya?

Mu duka. Na biyar yana nan, can ƙurya wajen maƙogwaro, sai dai ba ya ɗauke da geza, don ya bar aikin numfashi ya koma aikin niƙa. A kansa haƙoran karp suke. Layi uku ne ta kowane gefe: haƙora uku a layin ciki, sai ɗaya, sai ɗaya. Faffaɗa ne kamar turamen tunkiya, kuma suna goga abinci da wani ƙaƙƙarfan faifai da ke rufin maƙogwaro, kamar dutsen niƙa da ɗansa. Da su karp ke fasa ƙwayar hatsi da ƙwanson dodon koɗi. Na taɓa dafa kan karp na zare wannan ƙashi na wanke don nuna wa ɗalibai. Wanda ya fara ɗauka cewa ya yi muƙamuƙin wata ƙaramar dabba ne.

Ƴan tsinkayen nan farare da ke cikin lauje fa?

Mataji ke nan. Suna ta ɓangaren da ke fuskantar baki, aikinsu tare abinci da datti kada su bi ruwa su faɗa kan geza. Na karp gajeru ne, saboda shi mai tonon ƙasa ne. Yakan zuƙi laka baki guda, ya tace tsutsa da ƙwari da taimakon wata tsoka mai ɗanɗano da ke rufin bakinsa, sauran ya tofar ko ya fitar ta murfi. Shi ya sa tafkin karp ba ya rabuwa da gurɓata. Ɗan'uwansa na Sin, karp mai launin azurfa, matajinsa ya haɗe ya zama kamar soso, don shi ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa yake tacewa. Ka duba matajin kifi, za ka san cimarsa.

Me ake gani idan an sa zare guda a mikroskop?

Nan ne abin mamakin yake. Zaren da ido ke gani kamar gashi, a mikroskop, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, sai ya zama kamar ganyen dabino. A tsakiyarsa akwai sandar guringuntsi da ke riƙe shi kada ya langwaɓe, a gindinsa kuma ƴan tsokoki da ke ba kifi damar buɗe gezar ko tsuke ta. Jijiyoyin jini biyu ne ke bin tsawonsa, ɗaya ta wannan gefe tana kawo jinin da iskarsa ta ƙare, ɗaya ta wancan gefe tana kwashe wanda ya sha iska.

A saman zaren da ƙasansa kuwa fallaye ne a jere, sirara ƙwarai, a tsaitsaye kamar shafukan littafin da aka ɗan buɗe. Kowane milimita guda na zare yana ɗauke da fallaye da yawa, ga zaruruwa ɗaruruwa a kowane lauje. Idan aka shimfiɗa su duka, faɗinsu ya fi faɗin fatar jikin kifin gaba ɗaya. A kan waɗannan fallaye ake yin numfashin. Duk sauran abubuwan da na lissafa, lauje da guringuntsi da murfi, masu yi musu hidima ne.

A yankakken nama mai lafiya, fallayen tsawonsu kusan ɗaya ne, sirara ne tun daga gindi har baki, kuma tsakanin kowane biyu akwai fili fayau inda ruwa ke bi. Ni wannan filin nake fara dubawa. Idan yana nan a buɗe, hankalina yakan kwanta tun kafin in dubi sauran.

Da me aka gina falle ɗin?

Ka ɗauki falle a matsayin ɗaki mai faɗi wanda rufinsa ya kusa taɓa daɓensa. Abin da ke hana rufi da daɓe rabuwa ko haɗuwa shi ne ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin ginshiƙi. Kowace tana tsaye a tsakiya kamar turmi, mai siririn ƙugu, samanta da ƙasanta sun baje sun haɗu da na maƙwabtanta. Jini yana ratsawa ne ta tsakanin waɗannan ginshiƙai. Wurin ya yi matsi har jajayen ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya-ɗaya, wani lokaci ma sai sun lanƙwashe. Na kifi ba kamar namu ba ne: siffar ƙwai gare su, kuma kowace tana da cibiya a ciki, abin da namu ba su da shi.

Daga waje kuma an lulluɓe fallen da ƙwayoyin daɓe, shimfiɗaɗɗu, sirara. Su ne suka rufe mafi yawan fuskar mashaƙa. A babban mikroskop mai aiki da lantarki ana ganin samansu da ƴan zane-zane kamar zanen yatsa, waɗanda ke taimakawa wajen riƙe yauƙi. Tsakanin ruwan tafki da jinin kifi, abin da ke nan duka ƴan mikromita kaɗan ne. Mikromita kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Gashin kan mutum ya ninka wannan katanga kauri sau da yawa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: duk abin da ka zuba a tafkinka, ko ka bari ya ruɓe a ciki, tazararsa da jinin kifinka bai kai kaurin gashi ba.

Akwai wasu ƙwayoyin da suka fi zama a jikin zare da gindin fallaye. Ƙwayoyin yauƙi masu kama da tulu, su ke fitar da santsin da ke wanke datti ya kuma tare ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin gishiri manya ne, cike da mitokondiriya, wato ƴan injunan da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, don aikinsu mai cin ƙarfi ne. Sai wasu ƴan kaɗan masu haɗe da jijiyar ji, waɗanda ke gane ƙarancin oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita, su sanar da ƙwaƙwalwa a ƙara saurin numfashi. Akwai kuma fararen ƙwayoyin jini masu gadi, warwatse nan da can. Ganin ƴan kaɗan daga cikinsu ba ciwo ba ne.

Ruwa ai ba shi da iska sosai. Yaya kifi ke samun abin da ya ishe shi?

Gaskiya ne. Lita guda ta iska tana ɗauke da oksijin da ya ninka na lita guda ta ruwa kusan sau 30. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20, iyakar abin da zai riƙe kimanin miligiram 9 ne a lita. Ga shi ruwa da nauyi, tura shi aiki ne.

Dabara biyu ke fid da kifi. Ta farko famfo ne mai hawa biyu: ya buɗe baki ya saukar da ƙasan bakin, ruwa ya shigo, ya rufe baki ya matse, murfi ya buɗe, ruwa ya fita. Baki na turawa, murfi na ja, don haka ruwan kusan ba ya yankewa a kan geza, kuma hanya ɗaya yake bi. Ba ya shiga ya dawo kamar numfashinmu. Lokaci-lokaci kifi kan juya ruwan baya da ƙarfi don kakkaɓe datti, kamar tari. Idan tarin ya yawaita, ruwa ne ke da magana.

Ta biyu ita ce ruwa da jini suna gudu saɓanin juna a kan falle. Idan ka shiga babbar kasuwa ka bi ayarin mutane inda suka nufa, fuskoki ɗaya za ka yi ta gani har ka fita. Idan ka tunkare su, kowane taki sabuwar fuska. Haka jinin yake: duk inda ya matsa gaba, sai ya haɗu da ruwan da ya fi shi oksijin, don haka bai daina karɓa ba har ƙarshen fallen. Da wannan tsari kifi kan iya kwashe har kusan kashi 80 cikin 100 na oksijin da ke ruwan da ya ratsa shi. Jinin kuma daga zuciya kai tsaye mashaƙa yake zuwa, daga nan ya wuce jiki ba tare da ya koma zuciya ba. Shi ya sa rauni a mashaƙa ke zubar da jini sosai, shi ya sa kuma nake faɗa da masu ɗaga kifi mai rai ta hanyar cusa yatsa a murfi.

Me ya sa karp ke mutuwa a tudu alhali ga iska, tarwaɗa kuwa ta daɗe?

Ruwa ne ke raba fallayen. Da an fid da kifi, sai su manne da juna kamar jiƙaƙƙen littafi, faɗin nan duka ya tafi. Tarwaɗa tana da ƙarin wata gaɓa a saman mashaƙarta, mai rassa kamar ƴar bishiya, da ta tsiro daga lauje na biyu da na huɗu; da ita take shaƙar iskar sama. Gaiwa kuwa huhu gare ta na sosai, shi ya sa take kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo. Karp ba shi da ko ɗaya. Yana da juriya dai, don jininsa na kama oksijin da ƙarfi ko da ya yi ƙaranci, amma kada mai tarwaɗa ya ɗauka yawan da yake cusawa a tafki zai yi wa karp ko karfasa.

Numfashi ne kaɗai aikin mashaƙa?

Ina! Rabin aikin ƙoda ma ita ke yi. Yawancin dattin da ke fitowa daga narkewar abinci mai gina jiki, wato amoniya, ta mashaƙa yake fita, ba ta fitsari ba. Idan amoniya ta taru a tafki, ta jikin kifi sai ta rasa hanyar fita. Dafinta kuma yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi kuma ya yi kanwa-kanwa, abin da ke faruwa da la'asar a koren tafki lokacin bazara.

Sai maganar gishiri. Jinin kifi ya fi ruwan daɗi gishiri, saboda haka kullum ruwa na kutsawa jikinsa ta fallaye, gishiri na zurarewa waje. Ruwan yana fitar da shi da yawan fitsari, gishirin kuma ƙwayoyin gishiri ke janyo shi daga ruwa su mayar. Abin da ya sa fallen ya yi kyau wajen shan iska, wato sirantarsa da faɗinsa, shi ne kuma ke sa shi yoyo. Kifin da ya firgita yana buɗe fallayensa duka, yoyon ya ƙaru. Dalilin ke nan da ake sa ɗan gishirin girki, kamar giram 3 zuwa 5 a lita, a ruwan da za a yi doguwar tafiya da kifi. Gishirin yana kuma rage shigar nitrit, gubar da ke bin ƙofar ƙwayoyin gishiri ta shiga jini ta mayar da shi ruwan ƙasa. Mashaƙa mai launin cakulan a kifi mai rai, nitrit za ka fara zargi.

Yanayi yana canja mashaƙa?

Yana canjawa. A 2003 masu bincike a Jami'ar Oslo ta Norwe suka nuna cewa wani ɗan'uwan karp, Carassius carassius, idan yana ruwa mai sanyi mai wadatar iska, yakan cike tsakanin fallayensa da ƙwayoyin halitta har zaren ya zama kamar sanda. Da iska ta yi ƙaranci, cikin kwanaki sai cikon ya zube, fallaye su fito, faɗin ya ninka kusan sau bakwai. Wato dai a wannan kifi, abin da za ka ɗauka ciwo ne, lafiya ce. Sanin irin kifin da yanayin ruwan da ya fito wajibi ne kafin a yanke hukunci.

Mu a nan zafi ne matsalarmu. A Afrilu da Mayu, ruwa mai digiri 30 bai riƙe fiye da miligiram 7.5 a lita, ga shi a zafin ne jikin kifi ya fi bukatar iska. Da dare koren tsirran tafki sun daina samarwa, su ma sha suke yi. Shi ya sa da asuba, bayan an fito masallaci, za ka tarar da kifaye sun yo sama suna haki. Mai tafki ya riƙa zagayawa a wannan lokaci. Zagayen hantsi ba ya nuna komai.

Yaya ake shirya mashaƙa don dubawa a laboratuwar?

Ana yanko lauje guda, galibi na biyu, nan take bayan kifi ya mutu, a jefa cikin formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. Daga nan a tausasa ƙashin, a tsane ruwan da alkol hawa-hawa, a dasa naman cikin kakin farafin, a yanka da mikrotom, injin yanka nama siriri, kaurin mikromita 4 zuwa 5. Rini biyu aka fi sawa: hematoksilin mai mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya, da eyosin mai mayar da sauran ruwan hoda.

Kalmar "nan take" ita ce ginshiƙin maganar, kuma da kaina na koya. Wata shekara a bazara aka ba ni kifaye daga wani tafki ta wajen Madarumfa, na ɗauro su a leda bayan babur, na tsaya gaisuwar rasuwa a hanya, ban sa su a formol ba sai bayan azahar. Da gilasan da aka ɗora yankakken naman a kai suka fito, sai na ga fatar fallaye ta ɗago ta rabu da ginshiƙai ko'ina. Na kusa gaya wa mai tafkin an zuba masa guba. Wani dattijo da ya girme ni a aikin ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Ɗana, kifin nan awa nawa ya yi a rana?" Mashaƙa tana cikin gaɓoɓin da suka fi saurin lalacewa bayan mutuwa. Ɗagowar fata na iya zama alamar guba da gaske, amma ba a kifin da ya je gaisuwa ba.

Alamun ciwo da suka fi tabbata su ne cikewar filin tsakanin fallaye da ƙarin ƙwayoyi, mannewar fallaye biyu ko uku su zama ɗaya, kumburin bakinsu kamar kan kulki, da fashewar ginshiƙai har jini ya taru ya yi ƙullutu.

Wanda ba shi da laboratuwar fa?

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka kama kifi biyu ko uku masu kuzari duk mako, da jiƙaƙƙen hannu, ka ɗaga murfi da ɗan yatsa ba tare da ka taɓa gezar ba, ka duba a inuwa mai haske, ka ɗauki hoto. Bayan wata guda idonka ya san jan tafkinka. Mashaƙar da ta koɗe ta yi fari tana nuna ƙarancin jini.

Idan akwai ƙaramin mikroskop irin na makaranta a kusa, yanko ɗan bakin zaruruwa, ka ɗiga ruwan tafkin a gilashi, ba ruwan famfo ba, ka duba kafin ya bushe. Tsutsar mashaƙa ta jinsin Dactylogyrus za ka gan ta tana miƙewa tana tsukewa, da ɗigo huɗu baƙaƙe a kanta, ta kafa ƙugiya a falle. Trichodina kuwa zagayayya ce kamar faifai, tana juyawa. Ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, kifi mai lafiya ma na ɗauke da su. Idan sun cika gilashin, ka koma ka binciki ruwanka da yawan kifin da ka zuba kafin ka sayi magani.

Ni Hajiya ce mai girki, ba ruwana da mikroskop. Me zan ɗauka a nan?

Hajiya, ki ɗaga murfin kafin ki biya. Ja mai sheƙi, ba wari sai ƙarnin ruwa, kifin yau ne. Idan ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, yauƙi na ja kamar kuɓewa, ki ajiye. Wajen gyara kuma ki sa wuƙa ki yanke laujen sama da ƙasa ki zare su gaba ɗaya, ko da za ki sa kan a miya, don suna kawo ɗaci kuma daga nan ruɓa ke farawa. Mai yin banda ma ya cire su kafin ya ɗora a wuta.